Aikin Baban Giwa da 'Yan Uwansa: Sunayen Ƙoƙarin da Ya Ɓace Hanya

Duk lokacin da wani babban aikin hukuma ya rushe a Najeriya, kalmomi biyu ne ke rige-rigen fitowa. Masu suka su ce sata ce, an cinye kuɗin. Masu kare aikin kuma su ce kuskure ne, ɗan Adam ajizi ne, wani lokaci ma su ƙara da cewa haka Allah ya ƙaddara. Kowace daga cikin kalmomin nan tana rufe magana tun ba a buɗe ta ba, domin idan sata ce sai a nemi ɓarawo, idan kuwa kuskure ne sai a ba da haƙuri a wuce. Alhali akwai ayyuka masu ɗimbin yawa da aka yi su da gumi da kyakkyawar niyya, aka kashe kuɗin a inda aka ce za a kashe, amma aka dosa inda bai kamata a dosa ba, ko kuma aka bi shawarar da tun farko ba ta da tushe. Hausa ba ta rasa sunayen irin wannan ƙoƙari ba, kuma kowane suna daga cikinsu yana nuna ƙofar da ɓarnar ta shigo.

Ya kamata a fara da kuskure, tunda a bayansa aka fi fakewa. A fikihun da ake karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa an raba kisan kuskure da kisan ganganci, hukuncinsu ma ba ɗaya ba ne, kuma hadisi ingantacce ya zo cewa alƙalin da ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya dace yana da lada biyu, wanda ya yi ƙoƙarin bai dace ba kuma yana da lada ɗaya. Sai dai malamai sun gindaya sharaɗi, cewa wannan rangwame na wanda ya cancanci yanke hukuncin ne, wanda ya nemi sani kuma ya bincika. Shi ya sa wani hadisin ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba. Ke nan ba kowa ne ya cancanci a kira abin da ya aikata kuskure ba, sai wanda ya tambaya, ya auna, ya saurari masu sani, sannan duk da haka ya saɓa. Tsakanin wannan kuskure da ganganci tsantsa akwai fili mai faɗi, inda sakaci yake, wato barin duba abin da mutum ya san ya kamata ya duba, da garaje, wato ƙin ba wa bincike lokacinsa, da kasada, da kuma kafiya, wadda ita ce a nuna wa mutum rami ya ƙi karkacewa. Mafi yawan manyan asarorin da za a ambata a nan a cikin wannan fili suka faru.

A shekarar 1949 gwamnatin mulkin mallaka, tare da hukumar da Ingila ta kafa don raya ƙasashen da take mulka, ta buɗe wani gagarumin shirin noma a Mokwa, cikin ƙasar Nufe, a Jihar Neja ta yanzu. Tsarin shi ne a share daji da injuna, a yi huɗa da tarakta, a zaunar da manoma a sababbin ƙauyuka, a ba kowane magidanci eka 24 ya riƙa noma gyaɗa da dawa, sannan idan an yi girbi kamfani ya ɗauki kashi 2 cikin 3 a madadin injuna da iri da sauran hidima, manomi ya tsira da kashi 1. A kan takarda lissafin ya fita sarai. Amma duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san cewa ba huɗa ce ke ƙayyade girman gonar mutum ba. Abin da ke ƙayyade shi shi ne 'yan makonnin nan bayan shuka ta tsiro, lokacin da ciyawa ke tashi kafaɗa da kafaɗa da ita, dole a gama noman farko kafin ta danne shukar, a kuma dawo a yi maimai kafin ta sake yin ƙarfi, kuma a lokacin ne kowane gida ke fita da manya da yara tun da asuba. Tarakta ta ninka faɗin gonar sau da yawa, amma ba ta ƙara wa manomin hannu ko ɗaya ba, domin cire ciyawa ya ci gaba da zama aikin hannu. Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne an zaɓi Mokwa ne saboda fili ne mai ƙarancin mutane, kuma inda babu mutane babu 'yan ƙodago da za a ɗauka, babu dangi da maƙwabtan da za a kira gayya. Ciyawa ta cinye gonaki, manoma suka ga suna wahala a kan kashi 1 cikin 3 na abin da bai taka kara ya karya ba, kuma a 1954 hukumar ta janye hannunta.

Ba a tuhumi masu shirin Mokwa da lalaci ba, kuma ba labarin sata ne ya kashe shi ba. Sunan da ya fi dacewa da shi shi ne an bar jaki ana dukan taiki: an zuba dukkan ƙarfi da kuɗi a kan matsalar da manomi bai taɓa kuka da ita ba, aka bar wadda ke shaƙe shi. Abin lura game da wannan karin magana shi ne ba ta zargin mai dukan da rashin ƙwazo, tana iya yiwuwa ma ya fi kowa zage damtse. Abin da take zarginsa da shi shi ne bai gane inda gizo ke saƙa ba.

Shirin Mokwa yana da babban wa a Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, kuma na Tanganyikan ya fi shi suna da girman asara. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ta shiga ƙarancin man girki, sai a 1947 ta ƙaddamar da shirin noma gyaɗa a fili sama da eka miliyan 3, bisa rahoton wata tawaga da ta zaga yankin cikin 'yan makonni. Aka kai injuna, har da tankokin yaƙi da aka mayar motocin share daji, aka fara a Kongwa, wurin da ruwan sama ba ya isa, ƙasar kuma idan ta bushe takan ƙame ta riƙe gyaɗar a ciki. A farkon 1951 aka watsar da shirin bayan an yi asarar sama da fam miliyan 30. Wannan garaje ne, domin da an gwada ƙaramin fili na damina biyu ko uku da an ga abin da aka gani daga baya da kuɗi kaɗan. Abin da zai ba ɗan Arewa mamaki kuwa shi ne a daidai waɗannan shekaru dalar gyaɗa na ta tashi a Kano, gyaɗar da talakawa suka noma da hauya, tana jibge saboda jirgin ƙasa ba shi da isassun kawuna da taragun da za su kai ta gaɓar teku. Man da Ingila ke nema da tankokin yaƙi a Gabashin Afirka yana nan cikin buhuna a Kano yana jiran tarago.

Shari'ar da ta fi wuyar yankewa ita ce ta Tafkin Chadi. A 1973 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar raya yankin tafkin, mai hedikwata a Maiduguri, kuma babban aikinta shi ne shirin ban-ruwa na kudancin tafkin, a ƙasar Marte, inda aka tsara noma alkama da shinkafa a fili sama da hekta 60,000. An haƙa doguwar hanyar ruwa daga tafkin, an kafa manyan famfuna a Kirinowa, an gina tashar wutar lantarki da gidajen ma'aikata a Sabuwar Marte, an kuma buɗe kashin farko a 1979. An gina lissafin a kan tafkin shekarun 1960, lokacin da faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 10 na wannan ba, ruwa ya ja baya ya bar bakin hanyar a busasshiyar ƙasa, famfuna suka tsaya babu abin ja, kuma filin da aka taɓa nomawa ko a shekara mafi kyau bai kusanci abin da aka tsara ba.

Mai kare wannan aiki zai ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa, tunda babu injiniyan da ya kira farin 1972 zuwa 1974, balle na 1983 zuwa 1985. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Tafkin Chadi ba shi da zurfi, 'yan mitoci ne kawai, kuma kusan duk ruwansa daga kogin Shari da Logone yake zuwa, saboda haka raguwa kaɗan a kogunan takan ja gaɓar tafkin baya da kilomitoci masu yawa. Wannan ba sabon sani ba ne: Faransawan da suka auna tafkin a farkon ƙarni na 20 sun tarar da shi a ƙanƙance, sun rubuta hakan, kuma masunta da makiyayan yankin sun gaji labarin shekarun da ya cika da shekarun da ya janye. Ɗaukar 'yan shekarun wadata a matsayin halin tafkin na dindindin rashin hangen nesa ne, ko a ce rashin waiwaye, tunda a baya amsar take. Sannan akwai tambaya ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko nauyi. Farin farko ya zo tun kafin a zuba mafi yawan kuɗin, har tafkin ya rabu biyu a idon kowa, amma aka ci gaba da gini a kan tsohon lissafi. Daga wannan lokaci sunan abin ya sauya daga kuskure ya koma kafiya, ko kuma a ce kasada da dukiyar jama'a. Aiki guda yana iya farawa da suna ɗaya ya ƙare da wani, kuma ranar da gargaɗi ya iso ita ce iyakar da ke raba su. Su kuwa talakawan yankin ba su jira famfo ba: sun bi ruwan yayin da yake janyewa, suna shuka masara da wake a danshin da ya bari.

Akwai wani rukuni dabam, na ƙoƙarin da ya kai ga abin da ya nufa amma ya ɓata abin da ya fi shi, wanda ake cewa garin gyaran gira an rasa ido, ko garin neman ƙiba an samo rama. A 1958 gwamnatin Sin ta ƙaddamar da yaƙi da ɓera da ƙuda da sauro da gwara, ita gwara saboda tana cin hatsi. Jama'a suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu suna kaɗa tukwane da kwanoni don kada tsuntsayen su sauka, har su gaji su faɗo, ana fasa ƙwai ana rushe sheƙa. Shirin ya ci nasara, kuma nasarar ce masifar, domin gwara tana cin ƙwarin da ke cin amfanin gona, sai fara da sauran ƙwari suka samu sarari. A 1960 aka cire gwara daga jerin aka sa kuɗin cizo a madadinta, a tsakiyar yunwar da ta kashe miliyoyin mutane, ko da yake yunwar tana da wasu dalilai da suka fi wannan girma. A gida ma muna da namu. Madatsar ruwan Bakolori da ke kusa da Talata Mafara, wadda aka kammala a 1978, ta rage ambaliyar da manoman fadamar kogin Sakkwato ke noman shinkafa da ita, ta kuma raba dubban mutane da gonakinsu, har rikicin diyya ya kai ga zubar da jini a watan Afrilun 1980. Madatsar Tiga ta 1974 ta raya noman rani a Kadawa da Kura, wannan ba abin musu ba ne, amma ita da ta Challawa sun sauya tafiyar ruwan da ke ciyar da fadamar Haɗeja zuwa Nguru, inda ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. A irin wannan ba a saɓa wa abin da aka nufa ba. An yi lissafin ribar na sama ne aka manta da asarar na ƙasa, kuma sau da yawa na ƙasan ba shi da bakin da za a ji.

Wani lokaci kuma ma'aunin ne ke karkatar da ƙoƙarin. A 1902 hukumomin Faransa a birnin Hanoi na ƙasar Biyetnam sun sa lada a kan kowace jelar ɓera da aka kawo, sai aka fara ganin ɓeraye marasa jela suna yawo a gari, aka kuma gano masu kiwon ɓera a bayan gari. An biya kuɗi a kan jela, aka samu jela. Haka yake faruwa a duk shirin dashen itace da ake auna nasararsa da yawan tsiron da aka dasa ranar biki a gaban kyamara, ba da yawan wanda ya kai damina ta uku da rai ba.

Wannan ya kawo mu Maraɗi, inda labarin ya ƙare dabam. Bayan farin shekarun 1970 an zuba kuɗi mai yawa a Nijar wajen rainon tsiro da dasa itatuwa irin su turare da darbejiya, amma mafi yawansu zafi da iska da awaki da gara suka kashe. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin gona da ƙungiyar mishan a yankin, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan kurmin da ke warwatse a gonaki, waɗanda ake sassabewa kowace bazara, tohon kututturan itatuwa ne da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake buƙata wuƙa ce kawai: a zaɓi reshe mai ƙarfi ɗaya ko 'yan kaɗan a kan kututturen sabara ko kalgo ko gawo, a datse sauran, a kare su daga dabbobi, sai saiwar da ta riga ta kai ga danshi ta tura su sama cikin 'yan shekaru. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga manoma, kuma babu wanda bai san albarkar gawo ba, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana a ƙarƙashinsa. Abin tambaya shi ne me ya sa suke sarewa. Babban ɓangare na amsar yana cikin doka: tun zamanin Faransa itace na hukuma ne, ma'aikacin gandun daji yana iya cin manomi tara a kan itacen da ke tsakiyar gonarsa, saboda haka itace a gona jan magana ne kawai. Dasa sabon tsiro alhali wannan doka na nan shi ne kitso da kwarkwata, wato a gyara sama a bar abin da ke ci a ƙasa. Da aka sassauta riƙon, manoma suka tabbata cewa abin da suka raina nasu ne, binciken hotunan tauraron ɗan Adam ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, akasari a Maraɗi da Damagaram, ba tare da wani babban kasafi ba.

Ba kullum ake yarda a kan suna ba, musamman idan abin bai daɗe ba. A ranar 26 ga Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, da hujjar cewa naira tiriliyan 2.73 daga cikin tiriliyan 3.23 da ke yawo suna wajen bankuna, kuma sauyin zai taimaka wajen daƙile kuɗin jabu da kuɗin fansa. An sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin wa'adin daina amfani da tsofaffin takardun, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, amma sababbin takardun ba su wadata ba. Mutane suka kwana a layin banki, masu POS suka riƙa sayar da naira da naira, kuma a kasuwannin ƙauye, inda babu banki babu intanet, manomi ya karyar da hatsi da dabba ga duk wanda ke da tsabar kuɗi a hannu. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, kuma a ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Wanda ya yarda da manufar zai kira wannan garaje, niyya mai kyau da wa'adi mara kan gado. Wanda ya lura cewa yawancin tsabar kuɗin da ke wajen banki na 'yan kasuwa da manoma ne, ba na masu garkuwa da mutane ba, zai ce jakin dai aka sake bari. Wanda kuma yake ganin zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu ne ainihin abin da aka nufa zai ƙi duk sunayen biyu, ya ce ba a saɓa ba, abin da aka faɗa ne ba shi aka nufa ba. Abin da dukkansu ba za su iya kira ba shi ne tsautsayi, domin yawan takardun da za a iya bugawa cikin wannan wa'adi abu ne da ake iya lissafawa tun kafin sanarwa.

Haɗarin sa suna ba daidai ba ta fuska biyu yake. A tsakiyar shekarun 1970 hukumomin gwamnatin Gowon sun yi odar siminti wajen tan miliyan 20, mafi yawansa ta ma'aikatar tsaro, alhali tashar Legas ba za ta iya sauke fiye da ɗan ƙaramin kaso na wannan a shekara ba; jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a teku ana biyan su kuɗin jira, simintin yana daskarewa a cikinsu, har gwamnatin Murtala ta kafa kwamitin bincike. Kiran irin wannan rashin lissafi kawai wanke masu hannu a ciki ne, domin akwai waɗanda lissafinsu ya fita daidai. A ɗaya fuskar kuma, idan aka kira kowace asara sata, to maganin da za a nema shi ne mai gaskiya, kuma mai gaskiya yana iya sake gina Mokwa da zuciya ɗaya, ya ma fi ɓarawo saurin gamawa tunda ba ya rage komai a hanya. Wannan ne ma'anar cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, ba yabon zama ba.

Hukumomin sa ido da muke da su, daga ofishin babban mai binciken kuɗi zuwa EFCC da ICPC da kwamitocin majalisa, an gina su ne a kan tambaya ɗaya, wato ko kuɗin sun tafi inda aka ce. Suna neman rasit da takardar kwangila da shaidar cewa an kawo kayan. Famfunan Kirinowa an kawo su, an kafa su, sun yi aiki ranar gwaji. Taraktocin Mokwa ma sun yi huɗa kamar yadda aka saye su su yi. Tambayoyin da za su bambanta kuskure da sakaci da garaje da kafiya wasu ne dabam: wa aka tambaya kafin a fara, an gwada a ƙaramin wuri ko ba a gwada ba, akwai wanda ya yi gargaɗi a rubuce, yaushe gargaɗin ya iso, kuma nawa aka kashe bayan isowarsa. Amsoshin suna cikin fayilolin ma'aikatu da rahotannin masu ba da shawara, kuma ba kasafai wata hukuma ke da hurumin buɗe su da wannan nufi ba, sai dai wani mai bincike a jami'a ya tono su bayan shekara 20 ko 30, lokacin da waɗanda suka sa hannu sun yi ritaya, an kuma riga an amince da wani sabon shiri mai kama da na farko.